Wa Ke da Takarda? Ziyara Zuwa Manchester da Birmingham

Matashin Bahaushe in ya ji an ce Manchester, ƙwallo ce ke fara faɗo masa a rai. Dattijon da ya riski zamanin kantunan Turawa kuwa yadi zai tuna, don daga masaƙun wannan gari aka riƙa jibgo akoko da atamfa zuwa kasuwanninmu. A nan ne kuma aka kafa ƙungiyar BCGA a 1902, wadda ta dasa injinan gurzar auduga a Zariya da Funtuwa da Gusau. Birmingham ita garin maƙera ce: ƙusa, maɓalli, alƙalamin ƙarfe, da bindigogin da aka yi ta sauke wa a gaɓar tekun Afirka ta Yamma. Sai dai akwai wata sana'a da garuruwan biyu suka yi tarayya a kanta, wadda ba a cika ba mu labarinta ba, wato jayayya kan yadda za a mulki ƙasa da wanda zai sa baki a ciki.

Birtaniya ba ta da kundin tsarin mulki guda ɗaya da za a ɗauko daga kanta a buɗe shafi. Abin da take tafiya a kai tarin dokokin majalisa ne da hukunce-hukuncen kotu da al'adun da suka daɗe, tun daga yarjejeniyar Magna Carta ta 1215. Don haka ba a taɓa yin wata rana da aka tara jama'a aka ce ga tsarin mulki, ku amince ko ku ƙi ba. Kowane sashe da ya shafi talaka sai da aka yi fito-na-fito kafin ya shiga, kuma da yawa daga cikin wannan dambarwa a titunan garuruwan nan biyu aka yi ta. Su na bi da ƙafa.

Filin da aka zubar da jini

Dandalin St Peter da ke tsakiyar Manchester wuri ne mai hada-hada. Ƙananan jiragen ƙasa masu ruwan ɗorawa suna ratsa shi suna kaɗa ƙararrawa, babban ɗakin karatu na gari mai siffar da'ira yana gefe, yayyafi kuwa ba ya sallama kafin ya sauko. 'Yar tafiya kaɗan ta kan titin Peter sai ka iske wani tsohon gini na dutse mai bakunan baka jere, Free Trade Hall, wanda yanzu otal ne. Jikin bangonsa akwai jan allo mai zagaye. Shi ne ke sanar da mai wucewa cewa nan fili ne a da, kuma nan aka yi kisan Peterloo.

Ranar Litinin ce, 16 ga Agusta 1819. Mutum kusan 60,000 suka taru, masaƙa da masu kaɗi, daga Oldham da Rochdale da Middleton da Stockport. Sun sa kayan da suke zuwa coci da su, mata da yawa cikin fararen tufafi, ana busa ana kaɗa ganguna. Sun zo sauraron wani mai baki, Henry Hunt. Kokensu ɗaya ne: Manchester, da dukan arzikin audugarta, ba ta da wakili nata na kanta a majalisa, alhali wani tudu da ake kira Old Sarum, inda gari ya tashi tun da daɗewa, yana tura wakilai biyu. Alƙalan gari suna leƙen taron ta tagar wani gida. Suka ba da umarni a kamo Hunt, sojan doki na sa-kai suka kutsa cikin jama'a da takubba zare, sojan gwamnati suka biyo baya. Aƙalla mutum 15 suka mutu, har da yaro ɗan shekara biyu, ɗaruruwa suka jikkata. Gwamnati ta yaba wa alƙalan, ta ɗaure Hunt, ta kuma kafa sababbin dokoki shida na hana taro da matse jaridu. Ɗaya daga cikin waɗanda abin ya ƙona wa rai, John Edward Taylor, shi ya kafa jaridar Manchester Guardian a 1821, wadda ita ce Guardian ta yau.

Sai bayan shekara 200 cif, a 2019, gari ya gina abin tunawa na sosai. Tudu ne na matakala masu zagaye, an sassaƙa sunayen mamatan da garuruwan da suka fito a jikin duwatsun. Da na isa, yara na hawa suna sauka, wasu ma'aikata na zaune a kai suna cin abincin rana. Shi ma bai tsira daga ƙorafi ba, don masu keken guragu sun ce an gina abin tunawa da neman haƙƙin kowa, amma su ba su da hanyar hawa. A Manchester har dutse sai an yi gardama a kansa.

Wanda ke son ganin kayan aikin wannan gwagwarmaya sai ya gangara bakin kogin Irwell, gidan tarihin talakawa da ake kira People's History Museum. Manyan tutocin ƙungiyoyin ƙwadago na rataye daga sama, wasu sun fi bangon ɗaki faɗi, an yi musu zane da zaren siliki. Akwai teburin rubutun Thomas Paine, mutumin da ya tsaya kan cewa tsarin mulki aikin jama'a ne, su ke kafa gwamnati da shi, ba gwamnati ke yi musu kyautarsa ba. Wannan ita ce maganar da aka shekara ɗari ana kai ruwa rana a kanta.

Birmingham da kwanakin Mayu

Daga tashar Piccadilly zuwa New Street ta Birmingham tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce, ta Stockport da Stoke da Wolverhampton, tsakanin korayen makiyayu da tsofaffin masana'antu na jan bulo. Masana tarihi sun daɗe suna nuna bambancin garuruwan biyu. A Manchester masaƙa ɗaya kan haɗiye ma'aikata ɗaruruwa, mai ita bai san sunayensu ba, su ma ba su ganinsa sai daga nesa. A Birmingham ƙananan maƙeru ne birjik, maigida da yaransa suna bugun ƙarfe ɗaya, yaron yau shi ne maigidan gobe. Shi ya sa siyasar Manchester ta fi zafi tsakanin mai kuɗi da lebura, ta Birmingham kuwa ta fara da haɗa su a inuwa ɗaya.

Wanda ya haɗa su shi ne Thomas Attwood, mai banki. Mutum-mutuminsa na tagulla yana dandalin Chamberlain, kuma ba a ɗora shi kan dogon dutse yadda ake yi wa manya ba. A kishingiɗe yake kan matakala, takardunsa a warwatse, har baƙo kan ɗauka wani ne ya gaji ya zauna. A Janairun 1830 ya kafa Ƙungiyar Siyasa ta Birmingham, don masu shaguna da ma'aikata su nemi gyaran majalisa tare. Sauran garuruwa suka kwaikwaya.

Gwamnatin Lord Grey ta kawo ƙudurin gyaran, majalisar wakilai ta amince, majalisar masu sarauta ta ƙi. Ranar 7 ga Mayu 1832 aka yi gangami a tudun Newhall, wanda masu shirya shi suka ce ya kai mutum 200,000. Yau in ka je wurin titi ne kawai mai hawa, yana kaiwa unguwar maƙeran zinariya, gidaje da ofisoshi sun cinye filin. A cikin wannan makon Grey ya ajiye aiki, sarki William na Huɗu ya nemi Wellington, babban abokin gabar gyaran, ya kafa gwamnati. Jama'a suka ce ba za su biya haraji ba, suka yi dafifi a bankuna suna canza takardun kuɗi da zinariya don su girgiza baitulmali. Wellington ya kasa haɗa gwamnati, sarki ya maido da Grey, masu sarauta suka sassauto. Ranar 7 ga Yuni ƙuduri ya zama doka. Birmingham ta sami wakilai biyu, Attwood na ciki, Manchester ma biyu.

Murna ba ta daɗe ba. Dokar ta ce a birni sai mai zaune a gidan da darajar hayarsa ta kai fam 10 a shekara zai yi zaɓe. Wannan ya shigar da masu shaguna, ya bar mafi yawan ma'aikata a waje. A Ingila da Wales kusan namiji ɗaya ne cikin biyar ya sami ƙuri'a, mata kuwa dokar ta fito fili ta ce maza take nufi. Waɗanda suka cika tudun Newhall suka ga an ci moriyar ganga an ya da kwaurenta. Duk rashin yardar da ta biyo baya daga nan ta samo tushe.

Buƙatu shida, tsagi biyu

A Mayun 1838 wani kafinta a Landan, William Lovett, ya fito da takarda da aka tsara ta kamar ƙudurin doka, aka sa mata suna People's Charter, wato daftarin jama'a. Buƙatu shida ta ƙunsa. Duk namijin da ya kai shekara 21 ya yi zaɓe. A jefa ƙuri'a a asirce, don a lokacin mutum kan faɗi wanda ya zaɓa ne da baki, a gaban mai gidan da yake haya da mai masaƙar da yake aiki. A daina sharɗanta mallakar dukiya ga ɗan takara. A biya 'yan majalisa albashi don talaka ma ya iya zama. A daidaita yawan jama'ar mazaɓu. A yi zaɓe duk shekara. Ranar 6 ga Agusta aka yi babban taro a Holloway Head da ke Birmingham aka ɗauki takardar, a watan Satumba aka yi irinsa a dajin Kersal kusa da Manchester.

Tun daga farko masu daftari tsagi biyu ne. Na Lovett sun ce a bi da hujja da ilimi da takardar koke har masu mulki su ji kunya. Na Feargus O'Connor, ɗan Ailan mai jaridar Northern Star, sun ce mai mulki ba ya jin kunya, tsoro yake ji, don haka a bar barazanar ƙarfi a kan tebur. Kan buƙatun shida babu saɓani ko na harafi ɗaya. Hanya ce da shugabanci suka raba su. Wanda ya san yadda PRP ta dare gida biyu a 1980, 'yan santsi da 'yan taɓo, kowa na rantsuwa da talaka, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Bull Ring ta Birmingham, inda abin ya fashe, yau katafariyar cibiyar kasuwanci ce. Ga wani bijimin tagulla a ƙofa, masu yawon buɗe ido na layin ɗaukar hoto da shi, ga wani gini mai lanƙwasa da aka lulluɓe da fayafayai masu ruwan azurfa, ga tsohon cocin St Martin a gangare. Can ƙasa kasuwar talakawa na nan da ranta, masu kifi da kayan miya suna kiran ciniki, ka ji Urdu, ka ji Somaliyanci, ka ji Turancin Jamaika, ka ga doya da ayaba da busasshen kifi. A 1839 nan ne ma'aikata ke taruwa da yamma ana karanta musu jarida. A watan Mayu babban taron wakilan masu daftari ya baro Landan ya dawo Birmingham. Kafin nan gari ya sami majalisarsa ta birni a 1838, kuma da yawa daga abokan Attwood sun zama kansiloli da alƙalai. Waɗanda jiya suke kan dandamali, yau su ne suka haramta taro. Magajin gari ya ɗauko 'yan sanda 60 daga Landan a jirgin ƙasa, ranar 4 ga Yuli suka afka wa taron da kulake, jama'a suka mayar da martani, sai da soja suka shigo. Lovett, mutumin lalama, ya sa hannu a takardar la'antar 'yan sandan, aka ɗaure shi shekara ɗaya a kurkukun Warwick. Ranar 12 ga Yuli majalisar ƙasa ta duba koken da Attwood ya gabatar, mai ɗauke da sa hannun mutum sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, ta ƙi ko tattauna shi, da ƙuri'a 235 a kan 46. Koke na biyu a 1842 ya haura sa hannu miliyan uku, shi ma aka yi watsi da shi, 287 a kan 49.

Taron da ya watse kan suna

A mahaɗar Five Ways ta Birmingham, inda motoci ke kewayawa ba dare ba rana, akwai farin mutum-mutumin Joseph Sturge. Ɗan kasuwar hatsi ne, mai tsantsenin addini, wanda ya yi suna wajen yaƙi da bauta. A nan labarin ya fi kama da abin da muke kira amincewa da tsarin mulki. Sturge ya ga cewa muddin masu hali da ma'aikata ba su sake haɗuwa ba, majalisa ba za ta motsa ba. Ya kafa ƙungiyar neman ƙuri'a ga kowa, kuma a taronta na Afrilun 1842 aka amince da buƙatun nan shida baki ɗaya. Saura a zauna a fitar da takarda ɗaya da za a kai majalisa.

Aka kira babban taro a Birmingham a ƙarshen Disamba. Da aka zauna, sai mutanen Sturge suka fito da nasu daftari mai sassa 96, wanda suka shirya a tsakaninsu, mafi yawan wakilai ba su taɓa ganinsa ba, suka ce a kansa za a yi muhawara. Hujjarsu ita ce sunan tsohuwar takardar ya ɓaci da tarzoma da yajin aikin da ya tsayar da masaƙun Lancashire a watan Agustan shekarar, masu hali ba za su taɓa ta ba. Ma'aikata suka ce a kan wannan takarda aka ɗaure 'yan'uwansu, aka kori wasu zuwa Ostareliya, aka harbe wasu a Newport a 1839, ba za su sauke ta don a ji daɗin zama da su ba. Lovett, wanda ba ya ga maciji da O'Connor, ya roƙi mutanen Sturge su janye. Suka ƙi. Sai ya miƙe ya kawo shawarar a ɗauki tsohon daftari, O'Connor ya mara masa baya. Aka kaɗa ƙuri'a, 193 a kan 94. Sturge da mutanensa suka tashi suka bar zauren, suka ci gaba da nasu taro a wani wuri.

Takardun biyu abu ɗaya suke nema. Abin da ya watsa taron shi ne wa ya rubuta, wa aka tuntuɓa, wa zai ce tasa ce. Bayan haka aka sake gwada koke a 1848, ya tashi a tutar babu, ƙungiyar ta yi ta dusashewa. Buƙatun kuwa suka riƙa shiga doka ɗaya bayan ɗaya: sharaɗin dukiya ya faɗi a 1858, ƙuri'ar asiri ta zo a 1872, aka daidaita mazaɓu a 1885, albashin 'yan majalisa a 1911, ƙuri'a ga dukan maza a 1918. Biyar cikin shida, cikin shekara 80. Zaɓen duk shekara ne kaɗai bai samu shiga ba.

Inda zaren ya iso gida

Dandalin da Attwood ke kishingiɗe sunan Joseph Chamberlain ya ci, magajin garin Birmingham daga 1873 zuwa 1876, wanda ya karɓe ruwa da gas daga hannun kamfanoni ya mai da su na gari. Ya yi fafutukar a ba leburan karkara ƙuri'a, amma a 1886, da firaminista Gladstone ya kawo ƙudurin bai wa Ailan majalisarta, shi ne ya ja tsagi aka kayar da ƙudurin, jam'iyyar Liberal ta rabu. Daga 1895 zuwa 1903 shi ne sakataren ƙasashen mulkin mallaka. A zamaninsa aka karɓe mulki daga kamfanin Neja, aka ayyana Arewacin Najeriya ƙarƙashin Lugard ranar 1 ga Janairu 1900. Yana kan wannan kujera Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a watan Maris. Haƙƙin da ya nema wa leburan Ingila bai ƙetare teku ba. Hasumiyar agogon Jami'ar Birmingham don tunawa da shi aka gina ta, kuma a wannan jami'a aka buɗe cibiyar nazarin Afirka ta Yamma a 1963.

Don ganin yadda waɗanda aka yi wa mulkin mallaka suka ɗauki maganar da kansu, sai an koma Manchester, an bi titin Oxford da ɗalibai da motocin bas suka cika. Kafin a kai ga labarinsu, a wani lungu, gida mai lamba 62 a titin Nelson, Emmeline Pankhurst ta kafa ƙungiyar matan da ke neman ƙuri'a a Oktoban 1903. Su ma suka rabu da tsagin Millicent Fawcett kan tsohuwar tambayar nan, lalama ko fito-na-fito. A kurkukun Winson Green na Birmingham aka yi wa matan ɗurar abinci da ƙarfi a 1909 da suka shiga yajin cin abinci. Sai a 1928 mace ta yi daidai da namiji wajen zaɓe.

Kusa da nan, a All Saints, fuskar tsohon zauren Chorlton-on-Medlock na tsaye da ginshiƙanta, an manna ta jikin sabon ginin jami'a. Allon da ke bango ya ce nan aka yi babban taron 'yan Afirka karo na biyar, daga 15 zuwa 21 ga Oktoba 1945. W. E. B. Du Bois ya zo daga Amurka, George Padmore da Kwame Nkrumah suka riƙe shirye-shirye, ga Jomo Kenyatta, ga Hastings Banda, ga Amy Ashwood Garvey, ga Jaja Wachuku wanda daga baya ya zama kakakin majalisar wakilan Najeriya. Ras Makonnen, mai gidajen abinci a garin, shi ya ɗauki nauyin masauki da ciyarwa. Suka ce sun gaji da tsarin mulkin da ake rubutowa a Landan a aiko musu.

A daidai lokacin, abin da ke faruwa a Najeriya ke nan. Gwamna Arthur Richards ya tsara sabon tsarin mulki ba tare da ya tuntuɓi jama'a ba, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 1947. NCNC ta zagaya ƙasa a 1946 tana tara kuɗi da goyon baya, a Kano ciwo ya kama Herbert Macaulay, ya rasu a Legas a watan Mayu. Tawagar da ta je Landan a 1947, da Azikiwe da Funmilayo Ransome-Kuti da Malam Bukar Dipcharima a ciki, amsar da ta samu ita ce a koma gida a gwada tsarin tukuna. Gwamna Macpherson ya ɗauki darasi, ya sa aka fara shawara daga ƙauye zuwa lardi har taron Ibadan na Janairun 1950, inda wakilan Arewa suka tsaya kai da fata sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya. A Agustan shekarar aka kafa NEPU a Kano, kuma cikin abin da ta fi nacewa akwai zaɓe kai tsaye, maimakon na hawa-hawa da En'e ke iya cusa mutanenta a matakin ƙarshe. Buƙatar Lovett ce a bakin Malam Aminu Kano. A 1953, ƙudurin Enahoro na mulkin kai a 1956 da gyaran da Sardauna ya yi masa suka kai ga ihu a Legas da tarzoma a Kano a watan Mayu, sannan taron Landan da ya haifi tsarin tarayya na 1954. Matan Arewa kuwa, duk da ɗaurin da Hajiya Gambo Sawaba ta sha, sai a ƙarshen shekarun 1970 suka jefa ƙuri'a.

Gardamar ba ta ƙare ba

Garuruwan biyu sun canza fuska. Masaƙun Manchester sun koma gidajen haya masu tsada. A Birmingham, bisa ƙidayar 2021, kusan mutum uku cikin goma Musulmi ne, kuma wanda ya bi titin Coventry a Small Heath zai ga shagunan abaya da mahautan halal da masallatai kusa da kusa. Jikokin waɗanda aka mulka ba da shawararsu ba yanzu kansiloli ne da 'yan majalisa. Amma halin bai canza ba. A 2012 aka tambayi kowane gari ko yana son magajin gari da jama'a za su zaɓa kai tsaye, duka biyun suka ce a'a. A ƙuri'ar raba gardama ta 23 ga Yuni 2016 kan ficewa daga Tarayyar Turai, kashi 60 cikin ɗari na Manchester suka ce a zauna, Birmingham ta ce a fita da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 4,000 ba. Jam'iyyu suka dare, firaministoci biyu suka sauka, a 2019 kotun ƙoli ta ce dakatar da majalisa da gwamnati ta yi haramun ne. Har yau akwai masu cewa a zauna a rubuta kundi guda, akwai masu cewa a bar shi yadda yake.

Mu muna da abin da suka rasa, kundi rubutacce mai sassa da lambobi. Sai dai na 1999 da muke amfani da shi dokar soja ce mai lamba 24 ta gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa shi, ko da yake ya buɗe da sunan al'umma. Tun daga Richards zuwa yau ba a taɓa kai wani kundin tsarin mulkin Najeriya gaban jama'a a ƙuri'ar raba gardama ba. An yi taron ƙasa a 2014, rahotonsa na ajiye. Gyara kuwa sai kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Nijar ta sha yin ƙuri'ar, amma ta Agustan 2009 da aka yi don tazarcen Tandja ta nuna cewa akwati kaɗai ba ya wanke takardar da aka dafa a ɗaki.

Abin da titunan Manchester da Birmingham ke nunawa shi ne gardama kan tsarin mulki ba abin kunya ba ce, da ita ake gina ƙasa. Abin da ke jawo asara biyu ne: a rubuta wa mutane takarda a bayan idonsu, ko masu buƙata ɗaya su tsaya faɗa kan wa zai riƙe tuta. Na farko ya watsa taron Sturge kuma ya kashe tsarin Richards cikin 'yan shekaru, na biyu ya taimaka wajen jinkirta ƙuri'ar lebura har jikokinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Don haka, mai karatu, duk ranar da ka ji kwamitin gyaran tsarin mulki zai zauna jin ra'ayin jama'a a Kano ko Kaduna ko Sakkwato, ka nemi daftarin ka karanta, ka haɗa kai da masu buƙata irin taka ko da ba jam'iyyarku ɗaya ba, ku je ku faɗi abin da kuke so a rubuta.